Maus Ɗin da Ya Ƙi Farkawa

Kullum da safe idan matar Injiniya ta buɗe kwamfutarta a teburin falo, allo zai haska, amma maus ɗin yana nan sheme kamar gawa. Kwamfutar ce ke yanke masa wuta in ta yi barci don tattalin batir, in ta farka kuma ta manta da shi.

"Baban yara, zo ka tashe min abin nan!"

Sai ya taho yana gyara wuyan riga, ya zare maus ɗin ya mayar, ya karɓi "Allah ya bar min kai." Ya san maganin abin sarai. Wata 'yar alama ce a saitin wuta, a cire ta shi ke nan. Amma wa zai toshe rijiyar da yake sha?

Ran nan ya ji shiru. Ya leƙo, ga maus yana aiki lafiya lau.

"Wa ya taɓa miki kwamfuta?"

"Sabon abokin aikinmu ne. Wallahi hannunsa da albarka, ko zama bai yi ba ya gyara."

Shayi ya tsaya wa Injiniya a maƙogwaro. Hannu da albarka! Shi nasa na tsiya ne ke nan?

Tana shiga wanka ya lallaɓa ya mayar da alamar.

Washegari maus ya kwanta. Injiniya ya gyara wuyan riga, ya kasa kunne yana jiran kira. Sai ya ga ta jawo waya.

"Yi haƙuri na dame ka da sassafe. Abin nan da ka gyara min ya dawo."