Daron Sapiah

A garin Taiping ba a tambayar ko za a yi ruwa, sai dai a tambayi ƙarfe nawa zai sauko. Tsofaffin da ke zaman shan kofi a bakin kasuwa har caca suke yi a kan haka. To, da wannan ruwan ne Pak Dahalan, wato Baba Dahalan, ya yi suna.

Tun Turawa ba su tattara sun tafi ba, lokacin da masu haƙar kuza ke ji da kuɗi, kowane attajiri yana son a ce yana da ƙungiyar ƙwallo. Dahalan bai taɓa cin abinci da wata sana'a ba sai horar da 'yan wasa. An ɗauke shi a Ipoh, an ɗauke shi a Penang, har teku an taɓa tsallakawa da shi zuwa Medan. Dabararsa kuwa ba ɓoyayyiya ba ce, kowa ya san ta, haƙurin yin ta ne babu. Ƙwallon wancan zamani ta fata ce, mai igiya a baki. In ta sha ruwa sai ta yi nauyi kamar kwakwa, wanda ya sa mata kai sai ya ga taurari da rana tsaka. Sauran ƙungiyoyi su yi ta atisaye da busasshiya, ranar wasa ruwa ya kece, ƙafa ta kasa ɗaga ta. Shi kuwa Dahalan, 'yan wasansa ba su san busasshiyar ƙwallo ba. Jiƙaƙƙiya suke bugawa kullum, har cinyoyinsu su zama kamar turame. Ranar wasa in hadari ya haɗo, sai ka ji 'yan kallo suna cewa ga ruwan Dahalan nan tafe.

Matarsa Sapiah ce ke jiƙa ƙwallayen. Tana da wani daron ƙarfe da ta zo da shi gidan aure, da safe na wanki ne, da yamma na ƙwallo. In an idar da magariba sai ta ja ruwa ta cika shi, ta zuba su, ta ɗora katako, ta danne da dutsen niƙanta don kada su taso. Takan ce wa maƙwabta ita dai Allah ya ba ta 'ya ɗaya mai gashi da tarin 'ya'ya masu sanƙo, ba sa cin komai sai ruwa.

Amma zamani riga ne. Manyan ƙungiyoyi suka koma neman masu horarwa da suka yo kwas a ƙasashen waje. Dahalan ya yi ta gangarowa a hankali, daga wannan ƙaramar ƙungiya zuwa wadda ba ta kai ta ba, har ya tsaya a wata gonar roba da ke bayan gari, inda yake horar da masu tsagar roba bayan sun tashi aiki. Albashin ba abin a faɗa ba ne. Gidan ne abin so: gidan katako a kan dirkoki, a gefen filin wasa, da rijiyarsa, da itacen rambutan mai jajayen 'ya'ya masu zaƙi da Sapiah ta dasa da hannunta. A gidan nan ta yi 'yar gajeruwar jinya ta rasu, aka binne ta a maƙabartar da ke bayan masallaci, tafiyar da ko takalmi mutum ba sai ya ɗaure ba.

Bai yi kuka ba. Masu ta'aziyya suka zo, shi ne ma ke zuba musu shayi. Bayan an watse ya zauna yana jiran baƙin cikin ya iso, kamar mai jiran mota a tasha, bai iso ba. Abinci in an ajiye masa ya ci, in an tambaye shi ko gishiri ya ji sai ya ce ya ji, alhali bai sani ba. A bakin fili yakan tsaya da usur a baki, a ci su ko su ci, fuskar ɗaya ce. Da magariba kuma hannunsa ya ja ruwa, ya cika daro, ya ɗora katako, ya danne da dutse. Da safe ƙafarsa ta kai shi maƙabarta, ya tsaya, ya yi addu'a, ya dawo. Ba wai yana jin daɗin haka ba ne, amma a gidan nan kaɗai jikinsa ya san abin yi ba tare da ya tambaye shi ba.

'Yarsu Norizan, wadda ke aikin jinya a Kuala Lumpur, ta sha kiransa ya koma wurinta. Ɗakinta yana can saman wani dogon bene, ba rijiya, ba ƙasa ma da za a taka. Kullum amsarsa ita ce sai an gama kakar wasa.

Ana saura wasa ɗaya a gama kakar sai manajan gonar, Encik Loh, wato Malam Loh, ya zo har gida. Mutum ne mai kunya, ya daɗe yana yabon rambutan kafin ya kai ga maganar. Ya ce masu kamfani sun yanke shawara: in ƙungiyar ta faɗo daga rukunin farko na gasar gunduma, za a rushe ta, gidan kuma a ba wani akawu mai iyali. Wasan ƙarshe da ƙungiyar 'yan gawayi ne na bakin teku, ko kunnen doki aka yi ya wadatar, kada dai a sha kashi. Sannan ya miƙa masa wata jakar raga. A ciki akwai ƙwallo fara fat mai ɗigon baƙi, tana sheƙi kamar an shafa mata mai. Ya ce hukumar gasar ta samu kyautarsu, da irinta za a buga wasannin ƙarshe, an ba kowace ƙungiya ɗaya ta saba da ita.

Dahalan ya yi godiya. Da magariba ya jefa ta cikin daro tare da 'yan uwanta.

Da safe, kafin ya ɗaga dutse, sai ga Perumal ya biyo ta wurin da wuƙar tsagarsa a ƙugu. Shi ne kyaftin, ɗan baya, ya kusa arba'in, gwiwarsa ɗaya tana ƙara in ya tsuguna. Ya daɗe a hannun Dahalan har yana iya yi masa wasa. Dahalan ya ɗage katako. Tsofaffin ƙwallayen suna kwance a ƙasa, baƙi wuluk, sun ƙoshi. Farar kuwa ta yi tsalle ta faɗo waje, ta gangara har gindin rambutan. Perumal ya ɗauko ta, ya goge da gefen rigarsa sau ɗaya, ta bushe ƙarau. Ya auna ta a tafin hannu, ya ce wannan amarya ai azumi take yi. Ya roƙa a kawo ta fili da yamma su gwada ƙafa da ita.

Dahalan ya ce guda ɗaya ce, za su kwarzane ta, Loh zai so a mayar masa da ita da kyanta.

"Pak, in kiɗa ya canja, rawa ma canjawa take yi," in ji Perumal.

"Ruwan ya canja?"

"Ruwa bai canja ba."

"To."

Ya karɓi ƙwallon ya kai ta ɗaka, ya ɗora a kan kabad kusa da mayafin sallar Sapiah. Ba taurin kai ba ne, kada ku ɗauki alhakinsa. Ya ji abin da Perumal ya faɗa sarai, har wani wuri a can cikin kansa ya ce gaskiya ne. Sai dai maganar ta tsaya a can nesa, kamar rediyon maƙwabta. Duk makon suka yi ta bugun jiƙaƙƙiya, kamar yadda suka saba.

Ranar wasa fili ya cika. Matan gona suka zo da lemominsu da ƙunshin shinkafar kwakwa a ganyen ayaba. 'Yan gawayi suka iso a bayan akori-kura, ana yi musu ihu ana cewa su yi wanka tukuna kada su ɓata farar ƙwallo. Su kuma suna ramawa, suna cewa masu warin ɗanyar roba ba su da bakin yi wa kowa gorin wanka. Alƙalin wasa bai gama duba agogonsa ba sai hadari ya rufe duwatsu, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Wani tsoho da ya san Dahalan tun zamanin kuza ya ɗaga lemarsa sama yana cewa shi ke nan, an gama, ruwan Dahalan ya zo. Loh ma sai da ya yi murmushi.

Bugun farko Dahalan ya gane. Ɗan tsakiyarsa ya tura wa na gefe ƙwallo da ƙarfin da ya saba, ta taɓa jiƙaƙƙiyar ciyawa ta zame, ta wuce shi kamar kifi, ta faɗa cikin masu lema. Aka yi dariya. Na biyu ma haka. Wanda ya yi niyyar raga ya aika da ita cikin itatuwan roba. Ƙafafun da aka yi shekaru ana koya wa ɗaga kwakwa, yau an ba su balan-balan. 'Yan gawayi kuwa sun yi mako suna wasa da tasu, suna taɓa ta a hankali, tana bin su.

Kafin hutun rabin lokaci aka matsa wa Perumal a kusa da gida. Ya yi abin da ya yi sau ba adadi: ya juya ya mayar wa golansa. Da tsohuwar ƙwallo ce, da ta yi tafiyarta a cikin caɓi, ta gaji, ta tsaya daidai ƙafar gola. Wannan ta tashi sama, ta bi ta kan golan yana miƙa hannu, ta kwanta a raga. Fili ya yi tsit, ba ka jin komai sai ruwa a kan lemomi.

Da aka tafi hutu suka kewaye shi suna ɗiga, suna jiran ya yi magana. A da, a irin wannan lokaci, Dahalan yakan yi faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi. Yau ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce su rage ƙarfi, su yi amfani da cikin ƙafa. Suka ce to. Amma abin da ƙafa ta yi shekaru tana koyo ba ta mance shi a shan ruwa ɗaya. Suka koma, wasu suka rage har ƙwallon ba ta isa, wasu suka manta suka dake ta. Aka ƙara musu ɗaya ana dab da tashi. Dahalan yana tsaye, ruwa na bin usur ɗinsa yana ɗiga a ƙirji. Ya lura igiyar takalminsa ta kwance, ya yi ta kallonta har aka busa tashi.

Perumal ya zo da yamma, idanunsa jajur, ya tsaya a ƙasan matakala ya ƙi hawa. Ya fara ba da haƙuri. Dahalan ya ce masa ya bari, bugun nan shi ya koya masa, kuma ya yi shi daidai. Ya shiga ya ɗauko farar ƙwallon ya ba shi ya mayar wa Loh, ko kwarzane babu. Tsofaffin ƙwallayen kuma ya ce a kai makarantar gona. Loh ya aiko cewa ya zauna har ƙarshen wata, ba gaggawa.

Norizan ta zo ana gobe tashi. Ta ɗaure kaya, ta raba wa maƙwabta abin da ɗakinta ba zai ɗauka ba. Ta ce daron ma sai dai a bar wa matar Perumal, don ko ta ƙofar banɗakinta ba zai shiga ba. Ya ce to.

Da gari ya waye ta sauko ta tarar da daron a bakin rijiya, da katako a kai, da dutsen niƙa. Ta ɗaga dutsen, ta ɗage katakon. Ruwa ne cike fal, ba komai a ciki sai ganyen rambutan guda. Uban yana tsaye a bayanta.

"Ayah, kai ka cika shi?" ta tambaye shi da sunan da take kiran ubanta.

"Da alama."

Ta ajiye katakon. Sai ta kama kunnen daron ɗaya, shi ya kama ɗayan, suka rinjaya shi suka tuttule ruwan a gindin itacen.

Kafin motar haya ta zo ya taka zuwa maƙabarta. Ya yi addu'ar da ya saba. Ya san wannan tsayuwar ba irin ta kullum ba ce, ya kamata a ce akwai abin da zai faɗa. Ya jira. Tsuntsaye suna ta sha'aninsu a kan katangar masallaci. Daga ƙarshe ya sunkuya ya cire wata ciyawa da ta fito kusa da dutsen kai.

"Sapiah," ya ce, "sabuwar ba ta shan ruwa."

Ya ɗan ƙara tsayawa, sannan ya juyo.

Da ya dawo ya tarar an gama loda kaya. A saman motar, a kan katifa, ga daron nan a kife, an ɗaure shi da igiyar guga. Direba yana ta mita wai zai kwarzane masa fenti, Norizan tana ce masa fentin da ya rage a motar nan ai bai kai na farce ba. Ba ta dubi uban ba. Ya shiga baya ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Sun wuce kasuwa ke nan, tsofaffin kofi suna zaune suna leƙen sama, sai ɗigon farko ya faɗo a kan daron. Sai na biyu. Nan da nan ƙarfen ya ɗauki kiɗa a saman kansu, har direba ya daina mita don ba mai jin sa. Dahalan ya ɗaga kai yana saurare. Sun yi nisa a haka kafin ya taɓa kafaɗar 'yarsa ya tambaye ta ƙarfe nawa. Ta duba agogo ta gaya masa.

"Yau ruwan ya yi sammako," ya ce.