Fuskar Yaya a Fosta

Sau goma sha ɗaya ke nan Auta tana gyara fostar nan, kuma ta rantse wannan ne na ƙarshe, kamar yadda ta rantse a na bakwai.

Zanen talla a kwamfuta shi ne sana'arta, shi ya sa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ba ta aikin fostar sabon wasansu na waƙa da rawa. Matsalar ɗaya ce, tauraruwar wasan yayarta ce. Shekara goma sha takwas Yaya tana amshi a layin baya, sai bana aka fito da ita gaba. Burin Auta kowa a garin ya ga fuskar nan. Yaya kuwa ta jawo kujera ta zauna mata a wuya.

"Rage min kumatun nan."

Auta ta rage.

"Tabon girar nan fa? Ado ne?"

"Haba Yaya, da shi fa aka san ki."

"Ni na goya ki ko ke kika goya ni? Goge."

Ta goge tabo, ta toshe wushirya, ta miƙar da hanci, tana yi tana tsaki ciki-ciki. Takaici kamar ya kashe ta. Da wani ne da tuni ta nuna masa ƙofa, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Da mai buga takardu ya kira karo na uku yana faɗa, ta tura masa aikin haka nan.

Ranar Asabar fosta ɗari uku suka hau bango da ƙofofin shaguna. Yaya ta naɗe ɗaya, suka kai wa mahaifiyarsu.

Mama ta sa tabarau, ta matsa bakin taga ta daɗe tana dubawa.

"Tubarkalla, yarinya kyakkyawa," in ji ta. Sai ta ajiye takardar ta riƙe hannun Yaya. "Ashe wata suka ba? Duk wahalar da kika yi musu? Kada ki sa a ranki, 'yar nan. Zan zo, ko a can baya suka ajiye ki zan gane muryarki."

Mako biyu Auta tana tanadin "ai ga irinta nan" a bakinta. Da ta ga idon Yaya ya kawo ruwa, sai ta haɗiye abarta.