Yadda Aka Aurar da Margaret a Wendover

Ina da ɗan aibi: ba na iya wuce tarkacen da Bature ya baza a ƙofar gida yana sayarwa. Amma Moutari, ɗan Maraɗi mai tuƙin motar ɗaga kaya ta forklift a wani warehouse na ajiyar kaya, ya dame ni ya shanye. A 2004 ya je irin wannan gwanjon a garin Pleasant Garden neman fanka, ya dawo da kwali cike da mujallun matan Ostireliya, waɗanda suka girme shi.

Tsakanin tallan sabulu da darasin saƙar safa ya iske labarin da ake bugawa kashi-kashi. Wata Margaret ce, ga likita yana sonta, ga wani mai tumaki dubu huɗu. Moutari ya karanta da ƙamus a cinya, ya kai wa majalisar shayi ta ranar Lahadi a bayan gidajensu na unguwar Wendover. Ya ce musu littafin tarihin kiwo ne. Ina namiji mai gemu zai ce a mujallar mata yake kiwo?

Majalisa ta rabu biyu. Alhaji Laouali, tsohon dillalin dabbobi, ya tsaya wa mai tumaki.

"Dubu huɗu fa, Garzali. Likitan naka ko akuya yana da ita?"

"Alhaji, mutum ya yi karatu," in ji Garzali, Bakano mai tasi. "Wancan kuwa sati uku ke nan bai ce mata komai ba sai 'ana zafi'."

"Kunya ke nan. Ɗan mutunci ne."

Wata biyu ana haka, Moutari na shan kofin farko, shi da a da sai na uku ke isowa gare shi. Sai ya kai gindin kwali, babu kashi na ƙarshe. Ga shi ya yi alkawarin ɗaurin aure ranar Lahadi. In ya zo hannu rabbana, za a ce a kawo littafin a gani, kuma bangon littafin wata mata ce riƙe da kek.

Ya koma Pleasant Garden. Tsohuwar da ta sayar masa da kwalin ta ce kayan surukarta ne, ita ko buɗewa ba ta taɓa yi ba. Ta ba shi fanka.

Ranar Lahadi ya dubi Garzali, ya dubi Alhaji, ya tuna wanda ya samo masa aiki. Ya gyara murya ya aurar da Margaret ga mai tumaki, har da raguna arba'in na walima da ruwan sama bayan ɗaurin aure. Shi kuwa likitan, Moutari ya tura shi jeji yi wa kangaru allura.

"Bon," in ji Alhaji da Faransanci, yana share ido da gefen rawani. "Yarinyar tana da tarbiyya."

Garzali ya ajiye kofi. Sati uku ko sallamar Moutari ba ya amsawa.

Tchima, matar Moutari, ita ta jera mujallun bisa kwanan wata ran da take neman darasin saƙa. Ashe labari biyu ne daban, Moutari ya haɗe su. Margaret ta likita a 1953 aka buga ta, ta mai tumaki kuma a 1958.