Na'ura Ba Ta Karanta Godiya

Takardar da ta sauko daga ofishin shugaban jami'a gajeriya ce: za a rage malami ɗaya daga kowane sashe, kuma don kada a ce an yi son kai, na'ura ce za ta yi alƙalanci. Za ta ƙirga sau nawa wasu masana suka ambaci binciken mutum, da yawan waɗanda ya taɓa haɗa suna da su a kan maƙala. Wanda ya zo ƙarshe ya tattara komatsansa. Kowa ya yaba, wai lamba ba ta ƙarya. Ba ta ƙarya kam, sai dai abin da aka ɗura mata kaɗai take amayarwa.

Farfesa, shugabar sashen nazarin ruwa, ta buɗe jerin da hantsi. Sunanta ne a sama, ambato dubu biyu da ɗoriya. Can ƙasa, da goma sha tara kacal, Malam Sai-an-sake.

Ɗalibai ne suka manna masa laƙabin, don da wuya ka kai masa lissafi ka ji wata amsa. Ofishinsa na ƙarshen baranda, jikin ɗakin ajiye kwalaben gwaji, kujerar baƙinsa mai ɗingishi an tokare ta da tsohon kundi. Shekara ashirin da shida, duk wanda lissafinsa ya cukurkuɗe a kanta yake zama. In maƙala ta fito, sai a ba shi layi ɗaya a ƙarshe, wajen godiya. Na'ura kuwa ba ta karanta godiya.

Ranar Alhamis za a rufe jerin. Farfesa na da maƙaloli uku da aka riga aka karɓa, saura bugawa, kowace da tarin sunayen masana na waje. In ta soka sunansa a ciki, yawan abokan aikinsa zai ɗaga shi daga ƙasa. Ta same shi yana fere fensir da reza, ta zauna a kujerar nan da dabara, ta zayyana masa shirin.

Ya saurara har ta kai aya, sannan ya tambaye ta wa zai koma ƙasa in shi ya hau. Ta ce wannan kuma ba damuwarsa ba ce.

"Yaya, ba wanda zai sani," ta ce, da sunan girmamawar da ta saba kiransa.

"Ni zan sani, ƙanwata. Maƙalun nan ko gaisawa ba mu taɓa yi ba."

Ta ce masa taurin kai ne ya hana shi gaba tun suna ƙananan malamai. Ya yi dariya, ya ce ai shi ya sa bai taɓa faɗowa daga nesa ba. Ya hure ƙurar fensirin daga tebur.

"Da maƙalar rijiyoyi kika ce, da ban ƙi ba."

Babu zafi a muryarsa. Shekara goma sha shida ke nan da buga maƙalar da sunanta ita kaɗai. Ita ta zaga rijiyoyi ɗari huɗu tana ɗibar ruwa, amma sakamakon ya ƙi faɗin komai, sai da ya shafe wata uku ya ƙago hanyar lissafa shi. Lokacin tana neman ƙarin girma, manya suka ja ta gefe suka ce suna ɗaya ya fi biyu nauyi a gaban kwamiti. Ta ce masa a ta gaba za ta sa shi. Ya ce Allah ya kai mu. Yau rabin ambatonta daga maƙalar nan yake, kuma ba rijiyoyinta ake ambata ba, hanyar lissafin ce.

Kafin azahar ta rubuta wa mujallar da ta buga maƙalar rijiyoyin, ta faɗi gaskiya ba kwana-kwana, ta roƙi a ƙara sunansa. Ta kai kwafi ofishin shugaban jami'a. Sakatare ya ce ya tausaya, amma abin da ke cikin na'ura da shi ake aiki. Alhamis ta zo, mujalla shiru. Ta riƙe biro har aka aiko masinja sau biyu, sannan ta sa hannu a jerin.

Amsar mujallar ta iso bayan mako uku, cike da ladabi: ba sa taɓa sunaye bayan shekaru haka. Lokacin har ya miƙa makulli. Ya yi sallama da kowa, har mai shara, ita ma ya tsaya a ƙofarta ya ce ta gaida yara.

A maƙalarta ta gaba ta rubuta a tsakiyar shafi cewa hanyar lissafin tasa ce, ta kawo cikakken sunansa. Edita ya dawo mata da shafin, ya ja layi a kan jimlar. A gefe ya rubuta cewa ba a jingina wa mutum abin da bai buga ba, ta ambaci maƙalar asali, wato tata.