Ɓawon Kirafish da Ƙafar Zomo

Nnenna ta girma ne a Sabon Gari, a bayan teburin mahaifiyarta Akunna, mai sayar da kirafish, wato busasshen jatan lande, a kasuwa. A shekarar 2006, tana karatun digiri na biyu a Samaru, sai ta fara zuwa kasuwa da buhu tana kwashe ɓawon kirafish da ake sharewa a zubar. Akunna ta zuba mata ido har ta gaji, rannan ta tambaye ta me take yi da shi.

Nnenna ta ce, "Mama, in ƙashi ya karye har wani yanki ya fita, ba ya iya haɗewa da kansa. Sai ya sami abin da zai bi, kamar yadda kabewa ke bin rumfa. Akwai wani sinadari a ɓawon nan da zan yi abu mai kama da soso da shi. A cusa shi a giɓin, sabon ƙashi ya tsiro cikin ƙofofinsa, shi kuma soson a hankali ya narke a jiki."

"To, Allah ya taimake ki," in ji Akunna, ba don ta gamsu ba.

Aikin ya ba Nnenna wuya. Na farkon da ta yi ya marmashe a hannunta kamar tsohon burodi. Wani kuma ya lalace a firji da aka ɗauke wuta. Sai da ta gauraya shi da danƙon da ta tatso daga fatar saniya sannan ya tsaya da ƙarfinsa.

Dakta Elias, likitan dabbobin da ke taimaka mata, ya dasa shi a ƙafar wani zomo mai giɓi a ƙashi. Daga nan sai jira.

Ranar da aka ɗauki hoton ƙashin, Akunna ta rufe teburinta, ta ɗaura zanenta na zuwa coci, ta shiga motar Samaru. Dakta Elias ya ɗaga hoton wajen taga.

"Mama, kin ga wannan farin? Da babu komai a nan. Sabon ƙashi ne. Kafin a kai ga mutane akwai sauran tafiya, amma 'yarki ta yi aiki."

Nnenna ta buɗe keji. Zomon ya fito, ya shinshina ƙasa, ya yi tsalle da ƙafafunsa duka ya shige ƙarƙashin tebur.

 Akunna ta kama hannun Nnenna ta ja ta har bakin titi, wajen mai lemar buga waya. Ta kira yayanta a Aba, tana magana da Ibo da ƙarfi, tana dukan ƙirji, har ɗalibai masu wucewa suna waigowa. Nnenna na tsaye a gefe tana dariya, idonta cike da hawaye.