Waken Ista Ba Sukari

Tun da Yokasta ta gama karatun jinya ta dawo garinsu San Juan, uwarta Doña Ercilia ba ta sake shan kofi cikin kwanciyar hankali ba. Yarinyar ta kwashe sukarin gidan kaf, ta cika tebur da gwanda da ayaba da abarba. Wai akwai wasu ƙananan halittu a hanjin mutum, su 'ya'yan itace suke so, sukari kuwa lalata su yake yi.

"To wa ya gayyato su?" in ji Ercilia. "Cikina ne ko gidan haya?"

"Mama, wa ke kwana yana juyi da kumburin ciki? Ni ce?"

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, gaskiyar yarinyar ce. Cikin da a da yake ɗaurewa kamar an zuba siminti, yanzu kowace safiya lafiya lau. Amma ta rantse ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba.

Duk wannan da sauƙi, sai da makon Ista ya zo. A unguwar nan kowace mace tana dafa waken zaƙi, amma kowa ya san na Ercilia ake jira: jan wake da madarar kwakwa, dankali, kirfa, kanumfari, da sukari sai ka ce ba gobe. Da wannan tukunya aka san ta tun tana amarya.

"Bana da ayaba za mu yi, ba sukari," in ji Yokasta. "Wadda ta nuna tiɓis. Wallahi ba wanda zai gane."

"Ke! Mutanen da suka shekara talatin suna lasar kwanona ne ba za su gane ba?"

Sun yi ta yi har maƙwabta suka leƙo ta taga. Da Yokasta ta fara hawaye tana cewa uwar nan kaɗai ta rage mata, Ercilia ta yi tsaki ta miƙa mata ludayi. Waken ya fito wani fari-fari, ba laifi a baki, amma kai, ba shi ba ne! Haka aka raba shi gida-gida, tana ji kamar ta nutse.

Washegari kwanuka suka fara dawowa. A nan ba a mayar da kwano wayam, akan sako ɗan abin da aka dafa. Ercilia ta buɗe na farko: sukari. Na biyu ma sukari. Na gidan mai aski har da ɗaurin leda, kada ya zube.

Tana tsaye baki buɗe sai ga Nurys, wadda ta riƙe Yokasta ranar baftisma, shi ya sa ita da Ercilia suke kiran juna komadre, kuma ta daɗe tana jin haushin tukunyar nan. Ta kama hannunta, ta yi ƙasa da murya yadda duk layin zai ji.

"Haba komadre, da kin yi magana. Rashi ai ba abin kunya ba ne. Mu da muke tare?"

Rashi! Ita Ercilia! Maganar ta zo mata har bakin leɓe: ba rashi ba ne, hanji ne, kuma ya warke sarai. Sai ta hango Yokasta a bakin ƙofar kicin ta naɗe hannu, ta kasa kunne, ita ma abin da take jira ke nan. Ta faɗa a gaban yarinyar nan? A bakin titi, zancen bayan gida?

Ta haɗiye abarta, ta karɓi kwanon.

"Allah ya saka, komadre."

"Ba komai," in ji Nurys, tana shafa mata kafaɗa. "Mun ma yi shawara da matan layi. Baɗi ki huta abinki, ni zan dafa na unguwa. Za a aiko miki."