Harafi Ɗaya a Kunnen Dangi

A danginsu Gwaggo kurumta ba baƙuwa ba ce. Yaro zai taso garau yana jin ko motsin ɓera, da ya haura ashirin sai kunne ya fara nauyi, kafin talatin sai da hannu ake yi masa magana. Haka ta faru da ƙaninta mai gyaran agogo. Ita kuwa Allah ya tsare ta, har jikoki na cewa kunnenta ya yi yawa.

Da wata likita mai binciken cututtukan gado ta nemi wanda ya san asalin gidan, kowa ya nuna Gwaggo. Likitar ta same ta a shagonta na ɗinki, ta shimfiɗa doguwar takarda a teburin yankan yadi.

"Mama, fara mini daga kakan da kika sani na can sama."

Gwaggo ta gyara zama ta fara zubowa: wane ya haifi wance, wance ta auri wane. Likita na zana da'ira ga mace, murabba'i ga namiji, tana baƙanta duk wanda ya kurumce. Takarda ta ƙare, aka liƙa wata.

An karɓi yawun mutum talatin da ɗaya a 'yan kwalabe. Duk da haka likita ta ce da saura, dangin sun yi kusa da juna da yawa, da za a samu na nesa da ya fi. Sai Gwaggo ta tuna ƙanin kakansu da ya yi fushi ya bar gari tun ba ta yi wayo ba. Ta rufe shago, ta hau mota, kwana biyu tana tambaya ƙofa ƙofa har ta gano jikansa, wani kafinta, shi ma kurma. Ta dawo da yawunsa a jaka kamar ta ɗauko zinariya.

Bayan wata tara aka kira su, ita da ƙaninta. Ɗakin binciken sanyi ƙalau, firji a jere suna gurnani. Likita ta zaunar da su gaban kwamfuta.

"Mama, a jikin kowa akwai rubutun da ya gada daga uwa da uba, harafi wajen biliyan uku. Mun bi shi muna neman yankin da duk kuramenku suke da shi iri ɗaya, masu ji kuma ba su da shi. A kowace haihuwa rubutun yakan cakuɗa, sai yankin ya ƙara tsukewa. Da 'yan gidanku kaɗai, wurin ya yi mana faɗi. Kafintan nan ne ya tsuke mana shi."

Ta ɗora yatsa a allon. Layi biyu ne na haruffa, na mai ji a sama, na kurma a ƙasa, komai nasu ɗaya, ban da wuri guda.

"Ga shi nan."

"Wannan ɗan mitsitsin?" Gwaggo ta matso da tabarau. "Guda ɗaya tak?"

"Ɗaya tak. Kuma tun daga baban kakanku yake tafe, ko ma kafin shi."

Gwaggo ta sake duban harafin. Mutumin da ko hotonsa babu, ashe ga abinsa nan bai goge ba, ya ratso shekara ɗari da wani abu, ya bi wanda ya yi fushi har garin da ya gudu. Ta ce, "Ikon Allah."

"Magani fa, 'yar nan?"

"Babu tukuna, Mama. Amma yanzu za mu iya gwada yaranku mu san wa zai kurumce, a shirya masa na'urar ji tun da wuri."

Ƙanin ya taɓo kafaɗarta. "Yaya, me ta ce?" ya tambaya da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa.

Gwaggo ta nuna kunnensa, ta nuna allon, ta ɗaga yatsa ɗaya. Ya ciro gilashinsa na gyaran agogo ya maƙala a ido, ya sunkuya ya ƙura wa harafin ido. Likita ta jawo masa kujera kusa, ta bar shi ya duba son ransa.